Rediyon da Ba Ya Cin Batir



An umurce mu mu yi bayanin akwatin nan da ke kan tebur, wanda mu uku muka haɗa domin aikin kimiyya na ƙarshen shekara. Rediyo ne, amma ba shi da batir, ba a kuma jona shi da lantarki. Ƙarfin da yake magana da shi daga tashar yake zuwa ta cikin iska, eriya ta tsinto. To, da yake ƙarfin nan bai taka kara ya karya ba, ko yaya ya zurare a hanya sai akwatin ya yi gum. Aikinmu duka bin sawun inda yake zurarewa ne.

Kayan ba su da yawa. Mun ɗaure waya mai tsawon mita 20 daga tagar ɗakinmu zuwa reshen darbejiya, ita ce eriya. Muka naɗa siririyar wayar jan ƙarfe sau 80 a kan guntun bututu mai faɗin santimita 5, muka haɗa da kwandansa mai murɗawa ta wani mataccen rediyo. Su biyun nan ke zaɓen tasha a matsakaicin zango, watau daga kilohaz 531 zuwa 1602. Sa'an nan akwai dayod, wanda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, ta haka murya ke rabuwa da igiyar da ta ɗauko ta. Saura abin sa wa a kunne, da waya ɗaya da ke shiga ƙasa.

Ranar da muka gama haɗawa, mako biyu ya rage a ba da maki. Muka sa kunne, tsit. Muka fara zargin juna, alhali kuwa laifin farko na mu duka ne: wayar naɗin tana da wani siririn fenti a jikinta, ba wanda ya kankare bakinta kafin a ƙulla. Muka kankare. Har ila yau shiru.

Sai muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya jujjuya dayod ɗin, ya ce, "Samari, daga ina kuka ciro wannan?" Muka ce, "Daga tsohuwar caja, Baba." Ya yi dariya har da tafi. Ashe na silikon ne, ba ya buɗewa sosai sai wuta ta kai wajen bolt 0.6, abin da eriyarmu ba ta tarawa. Na jamaniyum ake so, irin 1N34A, wanda ke aiki da rabin haka ko ƙasa. Ya kuma ture iyafis ɗinmu na wayar hannu gefe. Irinsu, masu om 32 ko kusa da haka, shanye ɗan ƙarfin suke yi gaba ɗaya. Ya tono mana wani tsoho mai om dubbai daga ƙasan akwatinsa, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Wadda ta fi ba mu wuya ita ce wayar ƙasa. Da farko mun ɗaure ta a bututun famfo, ba mu lura na roba ba ne. Muka kafa rodi a bayan ɗaki, amma lokacin hunturu ne, ƙasa ta bushe ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta ɗaukar wuta. Sai da muka kwarara bokiti biyu na ruwan gishiri a gindin rodin. A daren nan, bayan lisha, muka ji muryar mutum can nesa yana karanta labaru. Ɗaya daga cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, har ƙwalla ya yi.

Da muka koma ga littattafai muka ga wani abin mamaki. Tun 1874 Bajamushen nan Ferdinand Braun ya gano cewa wasu duwatsu na barin wuta ta bi fuska ɗaya. A 1904 aka ba Jagadish Chandra Bose na Indiya takardar mallakar wata na'ura mai amfani da dutsen da Turawa ke kira galina. Jama'a, galina ɗin nan shi ne akasarin kwallin da ake sayarwa a kasuwanninmu! Muka sayo ɗanyen dutsen, muka cire dayod, muka yi ta tsikarinsa da bakin siririyar waya har muka dace da wurin da ya yi magana, ko da yake tari kaɗan ke gusar da shi. A nan ya wajaba mu yi gargaɗi: dutsen nan na dalma ne, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Mu dai mun fi yarda da shi a rediyo bisa ga idon jariri.

Saura matsala ɗaya da ta fi ƙarfinmu. Yawancin tashoshin garuruwanmu na FM ne, wannan akwati kuwa ba ya kama su. Na nesa kuma da rana wani sashe na sararin sama ke shanye igiyoyinsu, sai rana ta faɗi suke isowa. Saboda haka muka roƙi malaminmu ya zo da dare, ya kuwa zo da tocilarsa, ya saurara, ya ba da makinsa a tsaye a gindin darbejiya.

A zauren nan ma ba zai yi magana ba, domin eriyar tana can. Mai son ji ya same mu a bayan ɗakin kwana bayan lisha, ya taho da bokitin ruwa.