Idan Gani Ya Daina Korar Ji



An ce in yi magana a kan ƙirƙirarriyar basira, abin da ake fata da abin da ake tsoro. Ba zan daɗe a kan fatan ba, domin masu hajar sun riga sun cika mana kunne, kuma ba duka ne cika baki ba. Manhajar AlphaFold tana hasashen siffar furotin, aikin da a da yakan ci wa mai bincike shekaru, har ta kai Demis Hassabis da John Jumper ga kyautar Nobel a 2024. Masu neman sababbin magunguna sun san darajar wannan.

A 2024 ɗin dai Geoffrey Hinton ma ya karɓi Nobel, shi da ya bar Google a 2023 don ya samu sakin bakin yin gargaɗi. Daga cikin abin da yake tsoro har da ranar da na'ura za ta fi mu wayo ta kuɓuce mana. Ban raina wannan ba. Sai dai nawa tsoron yana bakin ƙofa.

Ku tuna 2018, lokacin da aka baza cewa Shugaba Buhari ya rasu, wai wani Jubril daga Sudan ne ke zaune a kujerarsa. Maganar ta yi ƙarfi har sai da ya tsaya a ƙasar Poland a watan Disamba yana cewa shi ne da kansa. A lokacin babu wata na'urar da ta kwaikwayi muryarsa, baki ne kawai da hotuna. To yau fa? A Janairun 2024 an buga wa masu zaɓe waya a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar Joe Biden ta bogi, ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani.

Mu kuwa mutanen murya ne. Rediyo, wa'azi, saƙon murya a WhatsApp, da su labari ke yawo, musamman wajen wanda bai yi boko ba. Ku ƙaddara an tura muryar babban malami yana halatta jinin wasu, ko muryar ɗanki, Hajiya, yana kuka wai yana hannun masu garkuwa. Kafin a tantance, aikin gama ya gama. Akwai ma ɓarnar da ta fi wannan wuyar gyara: duk wanda aka naɗi muryarsa yana ƙulla rashin gaskiya, yanzu ya samu mafaka, sai ya ce na'ura ce.

Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 da ta wajabta a bayyana irin wannan sauti ko bidiyo cewa ƙirƙirarre ne. Madalla, amma dokar ba ta san hanyar zauren WhatsApp na unguwarmu ba. Malaman hadisi sun riga mu fuskantar maganar da ake jingina wa wanda bai faɗa ba, suka tsaya a kan isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji? Ina roƙon gidajen rediyonmu su riƙa yi wa kowane sauti wannan tambaya kafin su sa shi a iska. Sashen Hausa da na kwamfuta na jami'o'inmu kuma, su zauna tare su tattara muryoyi na karin Kananci, Sakkwatanci da Damagaranci, domin manhajar gano jabu ba ta iya aiki sosai a harshen da ba a horar da ita da shi ba.