Kufan Sarum: Birnin Kan Tudu a Ingila

Yau zancenmu na kufai ne. Kowa a nan ya san kufai, inda gari ya tashi ya bar tukwane fasassu da kukoki. To, ba mu kaɗai ke da shi ba. A kudancin Ingila akwai wani babban kufai a kan tudu, sunansa Sarum, mil 2 arewa da garin Salisbury.

Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen wurin suka kewaye tudun da ganuwa ta ƙasa, suka haƙa gwalalo mai zurfi a bayanta. Rumawa suka zo suka wuce, wasu suka biyo bayansu. A 1066 wani mayaƙi, Wilyam, ya ƙetaro teku daga Normandi ta ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Wanda ya ci ƙasa da takobi kuwa ba ya barci da ido biyu rufe. Wajen 1070 ya sa aka tara ƙasa a tsakiyar tsohuwar ganuwar, aka haƙa wani gwalalo na biyu, aka kafa gidan sarki mai kagara a sama. Da katako aka fara, daga baya aka sake shi da dutse. Watau birni ne a cikin birni. A 1086 Sarki Wilyam ya tara manyan masu ƙasa a nan, suka yi masa rantsuwar biyayya.

Limaman Kirista kuma suka gina babbar majami'a a gefen kagarar. Aka buɗe ta a 1092. Kwana 5 da buɗewa hadari ya taso ya yi mata ɓarna, sai da aka gyara. Wani babban limami mai suna Roja ya daɗa faɗinta, ya kuma gina gida mai tsakar gida a cikin kagarar. Har matar sarki an taɓa tsarewa a nan. Sunanta Elina, matar Sarki Henri na 2. Ta goyi bayan 'ya'yanta da suka yi wa ubansu tawaye a 1173, mijin ya sa aka tsare ta shekara da shekaru, wasu daga ciki a Sarum.

To, gari mai sarki da sojoji da limamai da kasuwa, me zai tashe shi? Ku lura da wannan, don shi ne gindin maganar. Ba yaƙi ne ya ci Sarum ba, ba kuwa annoba ba. Ruwa ne da rashin jituwa. Tudu yana da daɗi ran da abokin gaba ya zo, amma sauran kwanakin shekara fa? Kogi yana can ƙasa cikin kwari. Limaman suka kai kuka ga Fafaroma, shugabansu na birnin Rum. Suka ce ruwa ya yi musu tsada. Suka ce iska ba ta barin a ji muryar mai addu'a, kullum tana kware rufi. Suka ce hasken allin tudun yana kashe musu ido, don ƙasar wurin farin alli ce. Babban abin da ya fi cinsu kuwa shi ne mabuɗan ƙofa suna hannun sojoji, in sun ga dama su hana mutane shiga ibada. Ni dai a ganina maganar alli ƙari ce irin ta mai neman dalili, amma ta ruwa da ta ƙofa gaskiya ce.

Fafaroma ya yarda su tashi. A 1220 aka sa harsashin sabuwar majami'a a kwari, kusa da kogi, aka buɗe ta a 1258. Turawan wurin suna da wata tatsuniya, wai kibiya aka harba daga tudun don a zaɓi wuri, ta sami barewa, barewar ta yi ta gudu har inda ta faɗi, nan aka yi gini. Tatsuniya ce. Abin da ya tabbata shi ne limamai na sauka, 'yan kasuwa da masu sana'a suka bi su, sabon garin ya zama Salisbury. Aka rushe tsohuwar majami'ar, aka kwashe duwatsunta zuwa kwari. Kagarar ta daɗe tana lalacewa, har a 1514 Sarki Henri na 8 ya sayar da ita ga mai son dutsen gini.

Ga abin mamaki. Gari ya mutu, amma kujerunsa ba su mutu ba. Sarum ya ci gaba da aika wakilai 2 zuwa Majalisar Dokoki ta London, alhali ba mai kwana a cikinsa. Mai gonakin wurin shi ke naɗa wanda ya so, a taru gindin wata itaciya a ce an yi zaɓe. A lokacin nan Manchester, garin masaƙu mai dubban mutane, ba shi da wakili nasa ko ɗaya. Sai a 1832 aka yi doka aka soke kujerun.

Me ya rage? A 1834 aka yi fari, ciyawar da ke bisa harsashin majami'ar ta riga sauran bushewa, sai ga siffar ginin ta fito a ƙasa kamar an zana. Daga 1909 zuwa 1915 masana suka tona wurin, suka fito da gindin ɗakuna da bakin rijiya da ramukan salga. Duwatsun da aka sassaƙa duk an kwashe, sai cikin bango ya saura, ƙanƙara irin ta ƙyastu haɗe da farar ƙasa. A 2014 wasu masana daga jami'ar Southampton suka auna ƙasar da na'ura, ba tare da sun sa diga ba, suka ga alamun gidaje a binne a cikin ganuwar waje. Gwalalon nan biyu suna nan da zurfinsu. Wanda ya hau tudun ya dubi kudu zai hangi hasumiyar majami'ar Salisbury a kwari, tsawonta ƙafa 404.