Samari da Dattawa a Tabarma Ɗaya: Abin da Ya Rage wa Magarya da Dungas



Maganar yau ta shafi gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, da wata tambaya da ta daɗe tana damun mutanen wannan yanki: a ina ne saurayi zai zauna da dattijo, kowa ya faɗi tasa, a kuma tashi ba a ɓata ba?

Har zuwa shekarar 2011 gundumomin nan biyu ɗaya ne; a wannan shekara aka cire Dungas daga jikin Magarya. Ƙidayar 2012 ta sami mutane fiye da 570,000 a Magarya, fiye da 350,000 kuma a Dungas, cikin ƙananan hukumomi 11, daga Sasumburum da Yekuwa har zuwa Gushi da Malawa. Ƙasa ce mai cunkoso, kuma mafi yawan mazaunanta yara ne da matasa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne suke rabon ta kunya-kunya. Wanda rabo bai ishe shi ba ya kan tafi cin rani Kano, ko ya yi dako a kasuwar Maigatari, ko ya nufi Agadas da Libiya, ko ramukan zinariyar Jado da aka fara haƙa a 2014. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka kuma sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, samarin da ke cin abinci a kan babur tsakanin ƙasashen biyu suka komo gida hannu wofi. Saurayin da ba shi da gona, ba shi da jari, kuma ba a tambayar sa komi a zauren ubansa, duk wanda ya fara sauraron sa shi zai bi.

Birnin Damagaram ya ga ƙarshen irin wannan. A ranar 16 ga Janairu, 2015, zanga-zangar da aka yi a kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta zama tarzoma: aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka yi hasarar rayuka. Tun kafin wannan rana ake kuka da gungun samarin da ake kira “pale” a unguwanni irin su Kara-Kara, waɗanda Aïcha Macky ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta na 2021. Daga Magarya zuwa Damagaram tafiyar yini ba ta kai ba.

A shekarar 2018 ƙungiyar agaji ta Katolika ta Amurka, wato CRS, ta buɗe wani shiri mai suna Girma a gundumomin biyu, da kuɗin hukumar USAID. Babban aikinsa shi ne yaƙi da yunwa da tamowa. Sai dai aikin ba ya yiwuwa sai an zaunar da mutane wuri ɗaya: ƙungiyoyin asusu da rance, kwamitocin raya ƙauye, zaman fahimtar juna tsakanin miji da mata a kan abincin gida da lafiyar yara. Ƙungiyar Kirista ce a cikin al'ummar Musulmi, saboda haka dole ta bi ta hannun malamai da masu sarauta, kuma ta bi. Sunan shirin ma abin lura ne, domin a Hausa girma yana nufin ƙaruwa, yana kuma nufin mutunci. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID. Wanda ya jingina zaman shawarar ƙauyensa ga kuɗin waje ya ga yadda rijiyar wani take ƙafewa ba tare da an shawarce shi ba.

Akwai kuma gyara a yadda ake gudanar da tarurrukan ƙungiyoyi gaba ɗaya. Sau da yawa kuɗin zama ne ke tara jama'a, ranar da ya yanke taro ya watse. Sau da yawa da Faransanci ake rubuta abin da aka yanke, alhali waɗanda abin ya shafa Hausa da Fulatanci suke ji. Wakilin samari ya kan zama ɗan maigari ko wanda ya yi lakwal, budurwa da matar aure ƙarama kuwa suna bayan danga. Zaman da ba a gayyaci mai ƙorafi ba, shan shayi ne kawai.

To, me ya rage a hannun mutanen yankin? Abubuwa huɗu, kuma babu wanda aka shigo da shi a mota.

Na farko, Dokar Karkara ta 1993. Ta kafa kwamitocin filaye tun daga gunduma har ƙauye, an tanadi kujerar manoma da makiyaya da mata da matasa a cikinsu, kuma ta wajabta a fara neman sulhu a gaban mai sarauta, a rubuta, kafin a je gaban alƙali. Rigimar burtali da ta iyakar gona a nan ake kashe ta. Kujerar matasa tana nan a takarda. Saura a zaunar da wanda samari suka zaɓa da kansu.

Na biyu, fada. Fadodin samari sun yawaita ne a shekarun 1990, lokacin da bakin jama'a ya buɗe bayan Taron Ƙasa na 1991. Fada tana da shugaba, tana da asusu, tana yin gayya da gadin unguwa. Dattijon da yake ganin ta a matsayin matattarar zaman banza ya rasa ƙofar da zai iske samari ashirin a zaune.

Na uku, asusun mata. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 ya rayu ne domin kuɗin na matan ne, dokar ma su suka kafa ta.

Na huɗu, wasan taubasantaka, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014. Da shi ake faɗa wa babba gaskiya ana dariya.

Shaidar cewa mutanen nan suna iya daidaitawa tana tsaye a gonakinsu. Itatuwan gawo da suka cika Magarya da Matamai da Mirya tun daga shekarun 1980, manoma ne suka bar su suka tashi, kuma gawo ba ya girma sai mai gona da mai gatari da mai garke sun fahimci juna.

Wuraren muhawara sun ragu. Majalisun ƙananan hukumomi da aka fara zaɓa a 2004 an rushe su a 2024, jam'iyyun siyasa kuma a 2025. Wannan ya ƙara wa zauren maigari da kwamitin filaye nauyi.

Ɗan kasuwa yana iya ɗaukar nauyin shayi da kuɗin motar wakilai sau ɗaya a wata, domin kasuwarsa ce ke fara rufewa in rikici ya tashi. Ma'aikacin gwamnati yana iya kiran zama kafin ranar sakin gonaki, ya karanta takardar sulhu da harshen da kowa ke ji, ya tabbata makiyayi da budurwa sun sami bakin magana. Dattijo ya bar yaro ya kai ƙarshen zancensa. Saurayi kuma ya zo da hujja da ladabi, ya tuna gobe shi ne za a zo wa da ƙara.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya.