Amosanin Jini da Gwajin Mai Juna Biyu: Jawabin da Aka Gabatar Ga Jama'ar Gombe

 

Maganar da ta tara mu yau ita ce cutar amosanin jini, wadda yanzu aka fi sani da sikila. Ba baƙuwa ba ce a garin nan. Daga Jekadafari zuwa Bolari, daga Tudun Wada zuwa Pantami, da wuya a sami unguwar da ba ta da yaro mai idanu ruwan ɗorawa, wanda in sanyin hunturu ya kama sai ya kwana yana kukan ƙasusuwa. A da, in mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, sai a ce wabi take yi, ko a ɗora wa iskoki. Da yawa daga cikin waɗannan yara wannan cuta ce ta ɗauke su.

Ga yadda abin yake. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala. Na mai amosanin jini kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe hanya, daga nan ciwo ya taso, jini kuma ya yi ta ƙarewa. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffarsu a rubuce a shekarar 1910. A 1954 kuma Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji rabin abin yakan sami kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, dalilin yawaitarsa a ƙasashenmu ke nan. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin nan, watau AS, kuma lafiyarsa lau. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2006 ya ce ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar kowace shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya.

To, a saurara da kyau a nan, musamman ku magidanta. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Saboda haka mutumin da ya saki matarsa wai don tana haifa masa marasa lafiya ya zalunce ta, rabin abin daga jininsa ya fito. In ya sake auro wata mai AS, labarin bai canja ba.

Akwai kuma wani kuskure da na lura har masu ilmin zamani suna yinsa. An ce in AS ya auri AS, kashi ɗaya cikin huɗu ne zai fito SS, sai su ɗauka in an haifi ɗaya mai cutar, ukun da za su biyo sun tsira. Ba haka ba ne. A zuba ƙwayar wake huɗu a ƙwarya, uku farare ɗaya ja, a rufe ido a ɗauki ɗaya, a mayar, a sake ɗauka. Kowane ciki ɗauka ce sabuwa. Wani gida sai su haifi shida ba mai cutar ko ɗaya, wani gidan uku a jere.

Gwajin da ya fi sauƙi da arha shi ne na kafin aure, kuma gara a yi shi tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, tun zukata ba su shaƙu ba. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da wannan. Amma fa takarda ba ta maganin komai in ta ƙarya ce. Wanda ya sayi takardar AA don a ba shi yarinya, ɗansa ne zai biya bashin. A kuma bambanta wannan gwaji da na rukunin jini, irin su A da B da O, wanda ake yi don ƙarin jini. Abubuwa biyu ne daban. Wanda aka yi wa ƙarin jini bai cika wata uku ba ya dakata tukuna, don jinin da aka sa masa yana iya rikita sakamakon.

Yanzu sai mu zo kan waɗanda sun riga sun yi aure, ga kuma ciki. Hoton ciki da ake ɗauka a wurin awo ba ya nuna amosanin jini. Hanyar da ake bi ita ce likita ya tsinko ɗan ƙanƙanin nama daga mabiyiya wajen mako na 11 zuwa na 14, ko ya zuƙo kaɗan daga ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki daga mako na 15, a auna. Tun 1978 masana suka gano yadda za a karanta cutar daga ƙwayoyin gadon ɗan tayi, kuma Gidauniyar Sikila ta Nijeriya da ke Legas, wadda Farfesa Olu Akinyanju ya jagoranci kafawa, ta daɗe tana wannan aiki. Gwajin yana da tsada, kuma yana da ɗan hatsarin ɓari, ko da yake bai kai ɗaya cikin ɗari ba a hannun ƙwararre.

Tambaya mai nauyi ita ce, in sakamako ya ce SS, sai me? Wajibi ne in faɗi gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Dokar Final Kod da ke aiki a Arewa ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa. Malaman Malikiyya, waɗanda galibinmu muke bi, sun tsananta a kan haka tun farkon shigar ciki. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1990 ta yi sassauci kafin cikar kwana 120, amma ga tawaya mai tsanani da likitoci amintattu suka tabbatar ba ta da magani. A ganina, da wuya a sa amosanin jini na yau a wannan sahu, ga masu cutar nan muna gani sun zama malamai da lauyoyi da iyayen 'ya'ya. Kowa ya koma ga malaminsa ko limamin cocinsa, da kuma likitansa.

Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne tilas. Ba a yi wa mace wannan gwaji sai an yi mata bayani da harshen da take ji, ta kuma yarda. Ni da aikina fassara ne na san sau nawa akan miƙa wa mace takarda da Turanci a ce ta dangwala. Sakamakon kuma sirrinta ne da mijinta. Ba na uwar miji ba ne, ba na kishiya ba, kuma ma'aikacin da ya kai shi bakin kasuwa ya ci amana.

Amfanin sani da wuri shi ne shiri. Jariri mai SS yakan zo kamar kowa, alamu ba sa bayyana sai wajen wata shida, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. In an san shi tun ran suna, sai a fara ba shi maganin fenisilin, a cika masa allurar rigakafi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a yawaita ba shi ruwa, a koya wa uwa taɓa saifarsa, a kuma garzaya asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi. Akwai maganin haidroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwo, wanda binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Dashen ɓargo yana warkarwa, an kuma fara yinsa a Benin a 2011, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu.

Ku mutanen Gombe kun yi sa'a. Cikin cibiyoyi shida na wannan cuta da Gwamnatin Tarayya ta kafa, ɗaya a kowace shiyya, ta Arewa maso Gabas a garinku aka sa ta, a asibitin tarayya da ke hanyar Ashaka, wanda yanzu ya zama Asibitin Koyarwa na Tarayya. Mai ciki ta fara zuwa awo tun watannin farko, ta nemi a auna jininta. In AS ce, maigida ma ya je a auna nasa. Wadda ita kanta SS ce kada ta haihu a gida. Jaririn da iyayensa biyu ke ɗauke da S kuwa a kai shi a gwada tun ba a gama wankan jego ba.

 Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, likitoci suna nan tare da mu.