Daga Kwamfutar Ɗalibi Zuwa Wayar Majo: Yadda Ake Ɗaure Manhaja Ta Kai Ƙauye

Lacca da aka gabatar a Bader Goula, gaban ɗalibai da ma'aikatan likita da na ƙaramar hukuma

Shugabanninmu na ƙaramar hukuma, malamai, majo, wato shugaban likitarmu, da ma'aikatansa, da ƴaƴanmu da suka zo hutu daga jami'ar Ɗan Dicko Dankoulodo ta Maradi da makarantun Yamai, ina yi muku barka da zuwa.

Maganar yau ta ɗalibai ce, amma kada wanda bai taɓa rubuta manhaja ba ya ɗauki takalminsa. Lissafin da likitarmu ke aikawa Dakoro duk ƙarshen wata, na zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da rigakafi, a cikin DHIS2 yake ƙarewa, manhajar da jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, wadda Nijar da Najeriya duka suke aiki da ita. Da harshen Java aka rubuta ta, kuma wani kayan aiki mai suna Maven ne ke tattara ta cikin fayil guda, dhis.war. Masu tambayoyin ƙungiyoyin agaji da ke shigowa gidajenmu da waya a hannu, da yawansu KoboCollect suke buɗewa, wadda aka ciro daga ODK Collect, aikin da ya faro a jami'ar Washington ta Amurka a 2008. Ita kuma Gradle ke ɗaure ta. Kenan kayan nan sun riga mu zama cikin gari, ba mu dai san sunansu ba.

Abin da na zo faɗa guda ne. Manhajar da ke aiki a kwamfutar wanda ya rubuta ta kaɗai, ba a gama ta ba. An gama ta ranar da wani dabam zai iya haɗa ta, ya kunna ta a nan, inda rezo ke zuwa ya tafi, a kan tsohuwar na'ura mai cin wutar sola. Kuma abin da ke raba gamammiya da wadda ba a gama ba, fayil ɗaya ne da ɗalibai suka fi kwafowa daga intanet ba tare da sun karanta ba.

Tarihin gajere ne. Stuart Feldman ya ƙirƙiro Make a Bell Labs a 1976. Ant ya fito a 2000, Maven na farko cikakke a 2004, sai Gradle, wanda Google ta ɗauka don Android a 2013. Dukansu aiki ɗaya suke: su juya rubutun ɗan Adam ya zama abin da na'ura ke ganewa, su gwada shi, su ɗaure shi.

Mu tsaya kan Maven. Shi kansa kusan ba ya taɓuka komai. Jerin matakai kawai ya sani, irin su compile da test da package, kowane mataki kuwa fulogin ne ke ɗaukar nauyinsa: maven-compiler-plugin ke juya rubutu, Surefire ke gwaji, maven-jar-plugin ke ɗauri. A cikin pom.xml, fayil ɗin nan da na ce ana kwafowa, ake gaya wa kowanne yadda zai yi. Wanda bai gaya masa ba, zai yi abin da aka saba, abin da aka saba ɗin kuma ba don Bader Goula aka tsara shi ba.

Ga tuntuɓen farko. Ɗalibi ya buga mvn package, allo ya ce an yi nasara, ya ɗauki fayil ɗin JAR ya kai wa malaminsa. Malam ya kunna, sai na'ura ta amsa da “no main manifest attribute”. Ba abin da ya lalace cikin rubutun. A cikin kowane JAR akwai ɗan fayil mai suna MANIFEST.MF, a nan ake rubuta ajin da za a fara da shi, kuma fulogin ba ya rubutawa sai an saka masa mainClass. Layi kaɗan ne. An gyara, an sake kunnawa, sai “NoClassDefFoundError”, domin JAR na yau da kullum rubutunka kaɗai yake ɗauka, laburarorin da ka ara daga wasu sun zauna a kwamfutarka.

Nan ne zaɓi ya shigo. Fulogin ɗin Assembly yana zube komai wuri ɗaya. Na Spring Boot yana saka kowane laburare da ɗaurinsa, JAR cikin JAR. Shade yana kwance su ya gauraya, har yana iya sauya musu suna don kada su yi karo. Ni dai, don ƙaramin aiki da za a ɗauka a kile, wato USB, zuwa ƙauye, Shade na fi so, amma da sharaɗi biyu. Na farko, laburarori da dama suna da fayiloli masu suna iri ɗaya a cikin META-INF/services. In ba a saka ServicesResourceTransformer ba, ɗaya ne zai tsira, sauran su ɓace babu gargaɗin kirki, sai ranar aiki manhaja ta ce ba ta ga direban ma'ajiyar bayanai ba. Na biyu, in wani laburare yana da sa hannun mai shi, dole a cire fayilolin sa hannun, in ba haka ba Java za ta ƙi buɗe ɗaurin gaba ɗaya. Akwai kuma farashin da ba a gani. A Disamban 2021, da aka gano ɓarakar laburaren Log4j, manyan kamfanonin duniya sun sha wuya kafin su san ko suna ɗauke da shi, domin an gauraya shi cikin wasu ɗaure-ɗaure. Wanda ya gauraya, ya ajiye jerin abin da ya gauraya. Umarnin mvn dependency:tree zai fitar masa da shi.

Bari in ɗan ratse, don akwai yaudara guda da ke cin ɗalibai masu ƙoƙari. Umarnin exec:java yana kunna manhaja nan take, da daɗi. Sai dai a cikin Maven yake kunna ta, da duk laburarorin da Maven ya sani. Bai taɓa JAR ɗin da za ka miƙa ba. Gwajin gaskiya shi ne java -jar, a kan kwamfutar da ba taka ba.

A can ne za ka haɗu da sigar Java. Ka haɗa da Java 17, kwamfutar ofis tana da Java 8, sai saƙo ya fito yana ambaton lamba 61 da 52. Lambobin nan sigar fayil ce: 52 ta Java 8, 55 ta Java 11, 61 ta Java 17. Tambayi sigar da ke wurin tun kafin ka fara, ka rubuta ta a maven.compiler.release. Haka kowane fulogin, a rubuta masa lambar sigarsa, domin in an bar gurbin, sigar Maven ɗin da ke kan na'ura ce za ta zaɓa, mutum biyu su haɗa abu ɗaya su sami sakamako biyu. Fayil ɗin mvnw ko gradlew, in an saka shi cikin aikin, shi ke ɗaure sigar kayan aikin kansa.

Yanzu ga wadda ta fi shafarmu: rezo. Maven ba ya zuwa da fulogin ɗinsa a jiki, daga Maven Central yake sauke su ranar farko, ya ajiye cikin wata ma'ajiya mai suna .m2. Ku ɗauki .m2 a matsayin rumbu: a Maradi ake cika shi lokacin da intanet ke da arha, a nan ake ci. Haɗa aikin gaba ɗaya sau ɗaya, har da gwaje-gwaje, domin umarnin dependency:go-offline yakan bar wasu abubuwa a baya. Sannan kashe intanet, buga mvn -o package. In ya wuce, kwafi .m2 a kile ka taho. Gradle ma yana da --offline. Kada a ɗauka matsalar talaka ce kawai. Ranar 15 ga Janairun 2020 Maven Central ya daina amsa haɗin da ba HTTPS ba, tsofaffin ayyuka da yawa suka tsaya cak. A 2021 kamfanin JFrog ya sanar da rufe JCenter, inda masu Android da dama ke ɗebo kaya.

Sai haruffanmu. Windows na Faransanci yana aiki da tsarin Cp1252, wanda ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Kafin Java 18, ta 2022, Java tsarin na'ura take bi in ba a hana ta ba. Ka rubuta Ɗan Gulbi a cikin jerin garuruwa, a haɗa a wata kwamfuta, sunan ya fito da tarkace a gabansa. A takardar haihuwa wannan ba wasa ba ne. Maganinsa layi ɗaya: project.build.sourceEncoding ya zama UTF-8. Maven ma yana gargaɗi a kai duk lokacin da aka haɗa, ba a dai karantawa.

Masu Android, naku ya fi tsanani. Tun Agustan 2021 Google Play ke neman sababbin manhajoji a tsarin AAB, amma AAB ba ya girkuwa kai tsaye a waya. Mu nan ta Xender da Bluetooth muke miƙa wa juna, don haka a saita Gradle ya fitar da APK ma, a kuma duba minSdk da wayoyin da ke hannun mutane, ba wayar ɗalibi ba. Kowane APK sai da sa hannu yake girkuwa a waya. In da makullin gwaji ka sa hannu, wanda kowace kwamfuta ke ƙirƙirar nata, ranar da ka sauya kwamfuta wayar majo za ta ƙi sabuwar siga. Sai an goge tsohuwar, goge ta kuwa yana tafiya da duk bayanan da ba a kai ga aikawa ba. A yi makulli na musamman, a ajiye shi wuri biyu, kalmar sirrinsa kuma kada ta shiga fayil ɗin da ake rabawa.

Ga shugabanninmu, ba sai kun iya ko ɗaya cikin waɗannan ba. Duk wanda ya yi wa ƙaramar hukuma ko likita manhaja, ɗanmu ne ko ɗan kwangila daga Yamai, a rubuta cikin yarjejeniya cewa zai miƙa rubutun asali, da pom.xml ko build.gradle, da kwafin laburarori, da makullin sa hannu. Ranar karɓar aiki a kira ɗaya daga cikin ɗaliban nan, a ba shi kwamfutar ofis da intanet a kashe, ya haɗa manhajar a gaban kowa. In ta haɗu ta kunnu, a biya cikon kuɗi.

Masu tambaya, a fara da ɗalibai.