Jawabi Kan Yarjejeniyar Aburi Ta 1967

Maganar da za a yi yau a kan yarjejeniyar Aburi ce, wadda da ta tsaya da ƙafafunta, da watakila Nijeriya ba ta shiga yaƙin basasa ba.

A ƙarshen 1966 ƙasar nan tana cikin mawuyacin hali. An yi juyin mulki a watan Janairu, aka sake yi a watan Yuli. An kashe dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kwashe nasu ya nasu suka koma gida. Mutanen Arewa da ke neman abinci a Fatakwal da Inugu da Anacha su ma ba su sha ba, aka rasa rayuka, saura suka bar rumfunansu da gidajensu suka hau jirgin ƙasa. Gwamnan Gabas, Laftanar-Kanar Ojukwu, ya ƙi zuwa taro duk inda sojan Arewa suke, don tsoron ransa. Saboda haka Janar Ankrah na Gana ya karɓi baƙuncinsu a garin Aburi, ran 4 da 5 ga Janairu, 1967.

Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya je, da Hassan Usman Katsina na Arewa, da Adebayo na Yamma, da Ejoor na Yamma ta Tsakiya. Aka amince ba za a warware rigimar da bakin bindiga ba. Aka amince Majalisar Ƙoli ta Soja ita ce za ta riƙe ikon ƙasa, naɗin manyan muƙamai kuma sai da yardarta. Ma'aikatan gwamnati da suka gudu za a ci gaba da biyansu albashi har ƙarshen Maris.

To, a nan gizo ya yi saƙar. Gowon ya ɗauki zaman tamkar na 'yan'uwa soja da za su wanke zukatansu. Ojukwu kuwa ya zo da shirinsa tsaf, ya san kowace kalma da yake nema. Da aka koma gida, manyan sakatarorin gwamnati a Ikko suka duba takardun, suka ce in aka bi su yadda suke, gwamnatin tarayya ta zama fanko, kowace jiha ta kama gabanta. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, amma an yi sakaci da ba a tafi da irin shawararsu Aburi ba tun farko. Ita kuwa gwamnatin Gabas sai ta fitar da faifan muryoyin taron, ta ce ba ta yarda a taɓa ko wasali ɗaya ba.

A watan Maris aka kafa Doka ta 8, wadda ta sakar wa jihohi iko mai yawa. Ojukwu ya ƙi ta, musamman don ta ba da damar kafa dokar ta-ɓaci a kowace jiha ba da yardar gwamnanta ba. Ran 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12. Bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Ran 6 ga Yuli bindiga ta fara magana, ba ta yi shiru ba sai a watan Janairu 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Ikko.