Kugin Garmaho: Abin Da Ya Kusa Cinye Min Faya-fayan Baba

Yau zancen garmaho za mu yi, musamman kugin nan da yake tasowa da zarar an ƙara murya.

Ni ma ya taɓa ni. Bayan rasuwar Baba na gaji faya-fayansa, har da na Shata da na Ɗan Maraya Jos, irin waɗanda in ɗaya ya karce ba shagon da zan shiga in sayo wani. Na samo garmaho ɗan Kwatano, na jera shi a tebur ɗaya da lasifiku biyu, na kira Hajiya ta zo ta ji. Ina murɗa murya sai ruri ya taso, wuuu, allura ta yi tsalle ta ja layi a kan faifan. Hajiya ta ce, "Kai, kashe abin nan kafin ka ƙarasa mana kayan mahaifinka."

To me ya faru? Ita allura ba ta san waƙa ba, motsi kawai ta sani. Duk abin da ya jijjiga ta sai ta mayar da shi lantarki ɗan mitsitsi, wajen milibolt 5. Amfilifaya ya ninka shi kusan sau 100, sautin ƙasa kuma, wato bas, ya ƙara masa har kusan ninki 10 a kan haka, saboda dama rage shi ake yi lokacin yanka faifai. Sai lasifika ta girgiza tebur, tebur ya girgiza faifai, allura ta ɗauka ta mayar wa lasifika, abu ya yi ta zagayawa yana ƙaruwa. Kun san ƙarar da makirfo ke yi a wajen biki in ya matso kusa da lasifika? Ɗan uwansa ne, sai dai wannan ta ƙasa yake bi.

Ga gwajin da na yi. Ka tsayar da juyin faifan, ka sauke allura a kansa yana tsaye, ka riƙa ƙara murya a hankali, hannunka a kan maɓallin. Inda kugi ya fara, yi alama. Duk gyaran da ka yi, ka sake gwadawa ka ga ko alamar ta matsa gaba. In kuma ka ɗaga allura ƙarar ba ta daina ba, wannan ba jijjiga ba ce, matsalar wuta ce. Duba siririyar wayar nan da ake ɗaurawa a ƙusar bayan amfilifaya.

Sauke lasifikun daga teburin shi ya kashe rabin matsalar, kuma ko sisi ban kashe ba. Na cire murfin robar gaba ɗaya, don in yana buɗe kama sauti yake yi ta iska kamar tanka. Amma teburin nawa na falanki ne mara nauyi, yara na wucewa allura na rawa. Sai na sa kafinta ya kafa min kanta a jikin bangon bulo. A kan kantar na shimfiɗa tub ɗin keken yara da iska kaɗan, kaɗan fa, in ya yi tauri bai da amfani. Na ɗora katako mai kauri a kai, sannan garmahon, na daidaita shi da lebur ɗin magina don kada ya karkata.

Don Allah kada ku bi shawarar nan ta ɗora kwabo a kan allura. Yawancinsu nauyin wajen giram 2 suke so, kwabo kuwa ya ninka haka, zai ci faifan ya ci allurar.

Faifan da ya karce yana nan, duk zagaye sai ya yi "ƙas" na kusan minti ɗaya. Hajiya ta ce in bar shi haka, kuma shi ta fi tambaya in sa mata ranar Juma'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba.